Maman Abba: shekara goma tsakanin fayil da ƙofar makaranta

Ranar da ta fara zuwa ofishinmu a 2014, ni na karɓi takardar ɗaukarta aiki, ni kuma na buɗe mata fayil. A fom ɗin da sabon ma'aikaci ke cikewa akwai gurbin da ake tambayar aure. Na ga bironta ya tsaya a kan gurbin nan, ya daɗe, kafin ta rubuta abin da ta rubuta ta miƙo mini ba tare da ta ɗago kai ba. Shekarunta 26, ɗanta na da uku, aurenta ya mutu shekara guda kafin nan.

Ba zan faɗi sunanta ba, haka ma sunan wurin aikin. Hukuma ce ta gwamnatin tarayya mai reshe a Kano, hedikwatarta na Abuja, ni kuma na riƙe sashen mulki na reshen har na yi ritaya a 2024. Maman Abba muke ce mata, kuma da saninta nake rubuta wannan. Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta shi ne yadda mutane ke rufe zancenta da kalma ɗaya. Duk wanda ya ji labarin sai ya ce, "Kai, jaruma ce." Daga nan an gama. Kalmar nan tana da daɗin ji, amma tana binne tambayoyin da suka fi damuna: wa ya riƙe yaron sa'ad da take ofis, me dokar aiki ta ba ta, me ta hana ta, kuma nawa ta biya.

Ƙaramar difloma ce a hannunta, ta fannin mulki, daga kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Kano, wadda kowa ke kira Poli. Ta gama kafin aure, takardar ta yi shekara huɗu a ƙasan akwati. Wanda bai yi aikin gwamnati ba zai ɗauka cewa in an shiga an shiga, sauran sai ƙwazo. Ba haka ba ne. Tun gyaran da kwamitin Udoji ya yi a 1974, aikin gwamnati tsani ne mai hawa 17, kuma takardar da ka shigo da ita ce ke zaɓa maka hawan da za ka fara takawa. Mai ƙaramar difloma mataki na 6, mai digiri mataki na 8. Abin bai tsaya nan ba, don tsanin biyu ne a jingine kusa da juna. Layin da aka ɗora ta a kai, na mataimakan jami'ai, a mataki na 14 yake ƙarewa. Layin jami'an mulki, na masu digiri, shi ne ke kaiwa 15, 16, har 17, kujerar darakta. Ga kuma jira: shekara biyu tsakanin hawa da hawa har zuwa na 6, shekara uku daga na 7 zuwa na 14, shekara huɗu daga na 15. A ƙarshe ko shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, wadda ta riga zuwa, sai a sallame ka. Duk shekarar da ta kuɓuce maka a ƙasa, a sama za ka rasa ta. Na zana mata wannan a bayan wata tsohuwar ambulan a makonta na farko, ta ninke ta saka a jaka.

Ɗakin rajista aka kai ta. Nan ne cikin kowace ma'aikata, ko da yake ba wanda ke son zama a ciki: ƙura, kabad-kabad na ƙarfe da ƙofofinsu suka lanƙwashe, fanka ɗaya. Kowace wasiƙa da ta shigo sai an buga mata hatimin kwanan wata, a rubuta ta a littafin shiga, a nemo fayil ɗinta, a huda a ɗaura, a sa mata lambar shafi, sannan a rubuta a kati teburin da fayil ɗin ya tafi. Akwai wani dattijon akawu da ya yi kusan shekara talatin a ɗakin, shi ya koya mata aikin. Ba ya dogon bayani. In ta ce masa, "Baba, ai Yallaɓai ya faɗa mini da baki," sai ya girgiza kai ya ce, "'Yata, abin da ba ya cikin fayil bai faru ba." Ta riƙe maganar nan fiye da duk abin da aka koya mata a Poli.

Ƙafafun Inna

Aiki daga 8:00 ne zuwa 4:00. Makarantar su Abba kafin ƙarfe ɗaya ake tashi, ranar Juma'a ma 12:00. Tsakanin tashin makaranta da tashin ofis akwai awa uku zuwa huɗu da babu takardar da ta yi maganarsu, kuma a cikin awannin nan aikin mata da yawa ke mutuwa. Na ga ya mutu a hannun mata uku kafin ita. Biyu sun ajiye aikin da kansu, ɗaya ta riƙa ɓacewa har aka gaji da ita.

Maman Abba ta koma gidan mahaifiyarta a Kurna bayan ta gama idda. Daga can zuwa ofis ɗan sahu biyu take hawa, don tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, babu zancen a tsallake cunkoso a kan babur. Tana fita 6:45, ta ajiye yaron a makaranta kafin malamai su iso, ta bar shi wurin maigadi da 'yar robar abincinsa. Ɗauko shi kuma aikin Inna ne. Tsohuwar nan mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ita ke rufe tukunya da tsakar rana, ta yafa mayafi, ta taka zuwa ƙofar makaranta, ta dawo da shi, ta ba shi abinci, ta yi masa wanka, ta raka shi Islamiyya bayan la'asar. Shekara huɗu cur haka, ba albashi, ba hutun shekara, ba wanda ya taɓa rubuta sunanta a wata takarda. Duk fom ɗin tantance ƙwazo da na cike wa Maman Abba a shekarun nan, inda na rubuta cewa ba ta makara kuma ba ta barin teburinta, gaskiya na rubuta, amma rabin makin na Inna ne.

Albashinta na farko bai kai naira 40,000 ba, bayan an cire kashi 8 cikin ɗari na fansho da sauran 'yan cire-cire. Abu ɗaya da aikin ya ba ta nan take, wanda ta fi daraja shi a kan kuɗin, shi ne inshorar lafiya ta ma'aikata, mai ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ta sa sunan Abba tun watan da aka buɗe rajista. Duk damina sai zazzaɓi ya kayar da shi, katin nan ya sha fitar da ita kunya.

Littafi mai bango ja

A 2016 uban yaron ya aiko. Ya yi sabon aure, yana so a kai masa ɗansa, ai ya isa shekara biyar. Tun rabuwarsu abin da yake aikowa bai wuce kayan salla ba, wani lokaci da 'yan kuɗi in an yi ta aike. Kawunnanta suka taru a zauren gidan Inna, babbansu ya ce mata, "Ke yarinya, ɗa na ubansa ne. Ki ba shi abinsa ki huta, ke ma Allah Ya kawo miki wani mijin." Ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba. Haka ya taso ya gani: ana yaye yaro, ko ya ɗan tasa, sai a kai shi gidan ubansa.

To amma al'ada daban, hukunci daban. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙon yaro bayan saki haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Yana nan a Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni. Ci da sha da tufafi da magani kuwa suna wuyan uba, ko yaron na hannun wa. Malamai sun sani, alƙalai sun sani, amma mata da yawa ba su sani ba, waɗanda suka sani kuma kunyar kai tsohon miji kotu ke hana su.

Ita ta je. Ranar da ta nemi izinin fita ta nuna mini abin da za ta tafi da shi: littafin rubutu na 'yan makaranta mai bango ja. Tun watan da ta fara aiki take rubuta duk abin da ta kashe wa yaron, kwanan wata a hagu, kuɗi a dama. Rasit ɗin makaranta, na kemis, na tela, duk ta manna ta sa musu lambar shafi kamar fayil. A wani ɓangaren kuma ta rubuta duk abin da uban ya taɓa aikowa, ba ta rage ko kwabo ba, har takalmin salla. Alƙali ya bar mata ɗanta, ya yanka wa uban naira 8,000 duk wata, ya kuma ba shi damar ɗaukar yaron a ƙarshen mako da lokacin hutu. Kuɗin yakan zo wata biyu ya tsallake uku, yau kuwa ko cefanen kwana uku ba za su yi ba. Amma takardar hukuncin tana nan, ita ce ta sa ba wanda ya sake taruwa a zaure a kanta.

Shari'ar ta ci mata abin da ba a lissafawa. Ma'aikaci na da hutun uzuri na kwana bakwai a shekara. Duk zaman da aka ɗage, kwana ɗaya ya tafi. Kafin a yanke hukunci ta cinye bakwai ɗin ta shiga cikin hutunta na shekara, kuma a shekarar ce take jiran tabbatar da aikinta bayan gwajin shekara biyu. Na ga tana karatun dokokin aiki a bencin jiran mota.

Akwai kuma abin da ba na so in tsallake, ko da yake ba daɗin faɗa. Bazawara a ofis ba ta da sirri. Wasu mazan suna ganin ƙofa ce a buɗe, wasu matan kuma suna ganin barazana ce ga mazajensu. Wani babba a wurinmu ya taɓa ce mata ta riƙa kawo masa fayil da kanta bayan an tashi, zai duba maganar ƙarin girmanta. Ba ta yi masa rashin kunya ba, ba ta kuma kai ƙara ba, don ta san wa za a zarga. Daga ranar duk fayil ɗinsa masinja ke kaiwa, in kuma dole sai ta shiga, ƙofa a buɗe take barinta, tana tsaye. Ni ba ta faɗa mini ba sai bayan an yi masa canjin wurin aiki. Na ji zafin hakan, don kare ta aikina ne, kuma ta yi lissafi ta ga cewa ba zan iya ba.

Takardar tuhuma

A 2018 ɓarin jikin Inna ya shanye. Dare ɗaya mai riƙon yaro ta koma wadda ake riƙo. Ƙanwar Maman Abba da ke aure a Ɗorayi takan zo da rana ta kula da tsohuwar, amma ba ta iya haɗawa da ɗauko yaro. An gwada 'yar aiki, yarinya ce 'yar shekara goma sha uku da aka kawo daga ƙauye, ita kanta reno take buƙata, Maman Abba ta mayar da ita bayan mako biyu. An gwada wani ɗan sahu na unguwa da ke kwasar yara. Wata Laraba kekensa ya lalace, wayarsa ba caji, Abba ya zauna a kan dakalin maigadi har biyar ta wuce. Da ta isa ta same shi ya yi barci a zaune, ya rungume jakarsa, hawaye ya bushe a kumatunsa. Tun daga ranar ta daina ba kowa amanar ɗauko shi.

Sai ta koma sulalewa. Ƙarfe ɗaya da kwata ta fita, biyu da 'yan mintoci ta dawo da shi, ta shimfiɗa masa tabarma a bayan kabad na ƙarshe, inda ake ajiye fayilolin waɗanda suka yi ritaya. A nan yake cin abincinsa, ya yi aikin gida, ya yi barci. Dattijon akawun nan yakan ba shi tsofaffin ambulan ya yi zane. Kowa a reshen ya sani, kowa ya kau da kai, har ni.

Sabon shugaban reshe ya zo a ƙarshen shekarar. Wata rana ya shiga rajista da kansa neman fayil, ya yi tuntuɓe da takalmin yaro. Ya kira ni ya ce a ba ta takardar tuhuma: barin aiki ba izini, da mayar da ofishin gwamnati gidan reno. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai dalili." Ya ce dalilin ta rubuto shi. Ni na tsara takardar, ni na sa hannu, na ba ta awa 48 ta amsa. Ina miƙa mata hannuna na rawa. Har yau abin yana cina, don wata uku ina kallon matsalar, da ikon da zan rubuta a nema mata mafita a hukumance, amma na zaɓi kau da kai ina ganin alheri nake yi mata.

Amsarta shafi ɗaya da rabi ce. Na karanta amsoshin tuhuma sun fi ɗari a rayuwata, yawancinsu magiya ce da rantsuwa. Tata ba haka ba. Ta amsa laifin a layin farko. Sannan ta jero ranakun da ta fita, da lokacin fita da na dawowa, don ashe duk tana rubutawa. Ta haɗa da kwafin katin asibitin Inna da kwafin hukuncin kotu. Ta nuna daga littafin shiga cewa babu wasiƙar da ta kwana ba a shigar da ita ba a watannin. A ƙarshe ta nemi abu ɗaya: a amince mata a rubuce ta riƙa fara aiki 7:30, ta haɗa rabin awar da lokacin salla da cin abinci ta ɗauko ɗanta. Shugaban ya riƙe takardar kwana biyu, ya rubuta a gefe cewa ya amince na wata shida, a sake dubawa. Ba a taɓa janyewa ba. Ya kuma ce yaron ya bar rajista saboda takardun sirri, wanda gaskiyarsa ce, sai aka mayar da tabarmar ofishina.

A nan ne na fahimci giɓin da ke cikin dokokin da na yi shekara talatin ina aiki da su. Sun san mai jego: hutun haihuwa na mako 16 a lokacin, da sassaucin awa biyu kullum na wata shida bayan ta dawo. A 2021 ma an ƙara wa maza hutun kwana 14 in an yi musu haihuwa. Amma daga yaye zuwa balaga, dokar ba ta san ma'aikaci na da ɗa ba. An rubuta ta ne da tunanin cewa duk wanda ke zaune a tebur yana da wata a gida da ke riƙe masa komai. Wadda ba ta da mai riƙe mata gida, duk abin da ta samu sunansa alfarma, kuma alfarma tana tafiya da wanda ya yi ta.

Digiri da abin da ya ci

Ambulan ɗin da na zana mata ba ta yar ba. A 2016, ana tsakiyar shari'a, ta shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ake kira NOUN, don ita ce ba ta neman mutum ya zauna a aji kullum. Diflomarta ta sa aka fara da ita daga shekara ta biyu. Karatun dare ne, bayan ta wanke Inna ta kwantar da Abba, da fitilar caji in babu wuta. Kuɗin rajista daga adashi suke fitowa. Mu goma ne muke yi a ofis, zubin naira 10,000 duk wata, ni ce uwar adashi. Kowace shekara kwasar Satumba tata ce, ba ma sai an yi ƙuri'a ba, don a watan kuɗin makarantar Abba da nata suke haɗuwa. Sau biyu ta jingine zangon karatu saboda jikin Inna.

Inna ta rasu a azumin 2020, cikin makonnin nan da aka yi ta rasa dattawa a Kano, gari a kulle. Allah Ya jiƙanta, Ya saka mata da abin da mu ba mu saka mata ba. A lokacin an umarci ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, makarantu ma a rufe. Karon farko ke nan tun yana ɗan shekara uku da Maman Abba ta wuni da ɗanta kwana da kwanaki. Wata safiya ta ba shi littafinsa ta ce ya karanta mata. Yaro ɗan shekara tara, ɗan aji huɗu, ya kasa haɗa layi ɗaya. Haddace darasi yake yi da ka, yana bin hoto. Kullum tana sa hannu a littafin aikin gidansa, kullum kuɗin makaranta na zuwa a kan kari, amma ba ta taɓa samun rabin awar da za ta zauna ta saurare shi ba. Ta kira ni a waya tana kuka, ta ce, "Hajiya, ina can ina lissafin fayil ɗin mutane, nawa ya ɓata a hannuna." Watannin kullen nan kaf a kansa ta ƙarar da su, daga baƙi da wasali ta sake farawa. Ya kama, amma sai da ya maimaita aji. Duk mai cewa jaruma, wannan shekarar ta yaron ma a sa ta cikin lissafi.

Ta kammala digiri a 2021. A lokacin ɗaliban NOUN ba sa zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba su, ta karɓo ta haɗa da takardar neman sauya layi. Fayil ɗin ya yi wata goma sha huɗu tsakanin Kano da Abuja. Duk wata sai ta rubuta tunatarwa ta ajiye kwafi. A 2022 aka mayar da ita layin jami'an mulki a mataki na 8, matakin da ta riga ta taka tun 2020 a tsohon layinta, kuma lissafin jira ya koma sabo daga ranar sauyin. Shekara biyu sun tafi. Masu digirin da aka ɗauka rana ɗaya da ita suna mataki na 10 a lokacin, suna hangen na 12, don a tsanin nan babu hawa na 11.

Abuja

A farkon 2023 wata darakta daga hedikwata ta zo duba reshe, ta ga yadda rajistarmu ta koma, ana neman fayil a same shi cikin minti biyar. Ta tambayi wa ya yi. Bayan 'yan makonni aka kira ni: suna son Maman Abba a sashen kula da ma'aikata na hedikwata. Duk wanda ya san aiki ya san ma'anar wannan. A can ake rabon kwasa-kwasai, a can ake tura mutane kwalejin horar da ma'aikata ta Badagry, a can manya ke sanin fuskarka. Ni na matsa mata ta tafi.

Ta fi ni sanin abin da ke gabanta. Hukuncin da ya ba ta ɗanta yana da sharaɗi. A fiƙihun Malikiyya, in mai riƙo ta yi ƙaura ta zama zuwa wuri mai nisan baridi shida, wajen mil 72, uba na da ikon karɓar ɗansa. Kano zuwa Abuja ya ninka haka fiye da sau uku. Abba na da shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni, bai balaga ba, kuma labari ya riga ya kai kunnen uban, ya aiko cewa in ta tafi a bar masa yaron. Ko da ya yarda ma, ta lissafa: mai mataki na 8 ba ya kama haya a cikin birnin, sai Mararaba ko Nyanya ko Suleja, kuɗin shekara a dunƙule, fita kafin gari ya waye, dawowa bayan isha, ba Inna, ba ƙanwa, ba matan adashi. Tana cikin wannan lissafin aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya ninka. Ta rubuta takarda ta gode, ta nemi a bar ta a Kano, ta bayyana dalili. Aka ba wani.

Daidai ta yi, kuma ta yi asara. Wanda aka ba gurbin ya je kwas biyu a shekararsa ta farko.

Maganar aure ma a kan wannan igiyar take. Masu nema sun zo, har da wani mutumin kirki da ni kaina na yaba. Amma uwa in ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo ya bar hannunta ya koma ga uwarta, Inna kuwa ba ta. Garin nan ya daɗe yana ganin maganin zawarci aure ne, tun auren zawarawan da gwamnati da Hisba suka fara ɗaurawa a 2012, kuma ban raina hakan ba, ya rufa wa mata da yawa asiri. Ita dai ta ce wa mutumin ya jira Abba ya girma. Bai jira ba, ba ta kuma riƙe shi a zuci ba.

Bara ta ci jarrabawar ƙarin girma zuwa mataki na 9. Ita ke riƙe da rajista da fayilolin ma'aikatan reshen duka, yara uku na aiki a ƙarƙashinta. Ƙarin albashin da ya biyo bayan mayar da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000 a 2024 tsadar kaya ta lashe shi, har yanzu kwasar Satumba tata ce. Abba na ƙaramar sakandare, shi ke hawa ɗan sahu da kansa, yakan je wurin ubansa ranar Asabar.

Akwai wani tsohon sito a bayan ofishin da ake tara karyayyun kujeru. Kafin in bar aiki ta nemi mabuɗinsa, ta sa aka share, aka shimfiɗa leda da tabarmi, aka gyara taga. Mata biyar da wani direba da matarsa ta rasu suna haɗa kuɗi duk wata suna biyan wata dattijuwa ta zauna da yaransu daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. Shugaban reshe na yanzu ya sani, ya ce ba komai, amma da baki ya faɗa. Da na kai musu ziyara kwanakin baya na tambaye ta ko hankalinta ya kwanta da hakan. Ta buɗe kabad ta ciro fayil ɗin walwalar ma'aikata ta nuna mini: ta rubuta takarda tana neman a amince da ɗakin a hukumance, da sunayen yaran da shekarunsu da abin da ake kashewa. Takardar na shafi na 47, ba a sa mata hannu ba tukuna. A gefen bangon fayil ɗin ta rubuta ranar da za a sake fito da shi a kai teburin Yallaɓai, farkon watan gobe.